Kafin ki miƙa kujerunki ga masu wanki

   

Yau da wasiƙa zan fara. Wata 'yar'uwa ce daga Maigatari ta turo mini saƙo haɗe da hotuna uku, ta ce in ba ta shawara amma in sakaya sunanta. Kujerunta na aure ne, saiti guda: mai zaman mutum uku, mai biyu, da ƙanana biyu. Shekararsu takwas a ɗakinta. Ta ce har yau ba ta manta ranar da aka sauke su daga Kano ba, domin sai da mahaifinta ya kai sa guda kasuwar Alhamis, ya haɗa da kuɗin riɗin da ya noma a shekarar, sannan kayan ɗakin suka kammala. Yara huɗu ta raina a kan kujerun nan. Fitsari, tumbuɗi, kunu, miyar manja, zoɓo, babu wanda ba su sha ba.

Sai ga bikin ƙanwar maigidanta ya matso, aka ce baƙin Damagaram a ɗakinta za su sauka. Ta ga ba za ta iya tarbar dangin miji da wannan zarni ba, sai ta sa aka ɗora kujerun a amalanke aka kai wa wasu samari masu wankin mota. Suka zuba omo, suka dirje da buroshi, suka feshe su da ruwan tiyo, suka jingine su a rana. Da yamma aka dawo mata da su fes, har tana sa musu albarka. Bayan kwana uku ɗakin ya ƙi shiguwa. Zarnin ya ninka, wani warin ruɓa ya haɗu da shi, jirwaye ya fito a jikin yadin, hannun babbar kujerar ya kumbura, autanta kuma ya kwana yana tari. Tambayarta ɗaya ce: "Anti, na kashe kujerun da Baba ya sha wahala ya saya mini ke nan?"

Na san ba ita kaɗai ba ce. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ga faɗuwar darajar naira, kuɗin soso da yadi da katako ya yi tashin da canza kujeru ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Mutanen Maigatari sun ƙara da nasu, domin rufe iyakar Nijar daga watan Agustan 2023 zuwa Maris ɗin 2024 ya taɓa aljihun duk wanda abincinsa ke rataye da kasuwar kan iyaka. Saboda haka kujerar da ke ɗakinki yau dukiya ce, dole a san yadda za a riƙe ta.

Kujera abu uku ce

Ki fara riƙe wannan, shi ne tushen duk abin da zan faɗa. Kujerar kushin hawa uku ce: yadi a sama, soso a tsakiya, katako a ciki. Idonki yadin yake gani, shi ya sa idan ya yi haske sai ki ɗauka an gama aiki. Amma warin da hancinki yake ji a cikin soso yake zaune. Yaro ya yi fitsari a kujera, kaɗan ne yake tsayawa a yadi, sauran yakan gangara cikin soso ya bushe a can. Ƙwayoyin cuta sai su farfasa shi, su fitar da sinadarin amoniya, wanda shi ne zarnin da kike ji. Gishirin fitsarin kuma yana nan kwance, da zarar ya sami danshi sai ya farfaɗo. Shi ya sa kujerar da ta yi shiru duk hunturu takan fara wari da saukar damina.

Abin da samarin nan suka yi shi ne sun tura ruwa cikin soson, ba su da abin da za su zuƙo shi waje. Ruwan ya narkar da fitsarin shekara takwas ya baza shi ko'ina. Rana ta busar da fuskar yadin, cikin yana sharkaf. Soso mai laima kuwa, daga yini ɗaya zuwa biyu fumfuna take fara kama shi, ita ce warin ruɓan, ita ce kuma mai tayar wa yaro tari da atishawa, musamman mai asma. Ragowar ruwan ya isa katako. Yawancin kujerun zamani da filawud ko allon MDF ake haɗa jikinsu, shi kuwa MDF idan ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa yadda yake. Ƙusoshi su yi tsatsa, tsatsar ta biyo yadi ta fito.

Ashe dai zuba ruwa ba shi ne gwaninta a wankin kujera ba, kowa ma ya iya. Fitar da shi shi ne aikin, kuma shi kike biya.

Ƙurar garinmu

Mu 'yan ƙasar Gumel muna da wata matsala da ta fi ta mutanen wasu wurare. Ƙasarmu rairayi ce, sunan jihar ma daga jigawar yashi aka samo shi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga hamada ta shigo da ita ta kowace kafa. Wadda gidanta ke kusa da titin Gumel zuwa Maigatari ta san yadda ranar Laraba da Alhamis suke, manyan motocin dabbobi suna wucewa, ƙura tana tashi. Haka 'yan'uwanmu na Gagarawa da Sule Tankarkar lokacin sussukar riɗi da gero.

Wannan ƙura tana shiga cikin saƙar yadi ta zauna. Duk wanda ya zauna ya motsa, yashin yana gugar zaren yana cinye shi, shi ya sa mazaunin kujera da hannunta suke riga ko'ina tsufa. Idan kuma aka zuba ruwa a kan ƙurar da ba a fitar ba, laka aka kwaɓa. Lakar ce take bin ruwa zuwa inda ya tsaya, ta bushe a gefe ta bar jirwaye. Don haka duk wankin da bai fara da fitar da busasshiyar ƙura ba, an fara shi a karkace.

Taimakon gaggawa: kowane tabo da maganinsa

Mafi yawan abin da ke kai kujera ga masu wanki, da an tare shi a mintunan farko da bai zama tabo ba. Ki ajiye farin tsumma mai tsafta ko tsohon tawul kusa, don wannan aikin kawai. Ƙa'idar ɗaya ce: a dangwala, a danna, kada a dirza. Dirzawa tana tura abin ciki tana faɗaɗa shi. Ki fara daga gefen tabon ki yi ciki. Kuma duk abin da za ki sa wa yadi, ki fara gwada shi a bayan kujera inda ido ba ya kaiwa, ki ga ko launin yana zuba.

Fitsari: ki ɗora tawul busasshe ki danna da ƙarfi, ko ki taka da gwiwa, ki canza wani har sai ya daina jiƙewa. Ki haɗa ruwan khal da ruwa daidai wa daida, ki ɗan yayyafa, ki sake dannawa. Sai ki bi da ruwa zalla kaɗan, ki tsane shi. Daga ƙarshe ki barbaɗa bekin soda, ki bar shi ya kwana, da safe ki kakkaɓe.

Tumbuɗi, amai, madara da jini: ruwan sanyi kawai. Ruwan zafi dafa su yake yi a jikin zare, kamar yadda ƙwai yake daskarewa a kasko, daga nan fitarsu ta yi wuya. Ki kwashe abin da ke sama da cokali, sannan ki bi da kumfar sabulun ruwa na wanke-wanke.

Manja, man gyaɗa, man shanu da man kitso: kada ki fara da ruwa. Ki kankare da cokali, ki barbaɗa garin sitaci ko fulawa ko hodar yara, ki bar shi kamar rabin awa ya shanye maiƙon, ki kakkaɓe, ki maimaita. Sannan ki ɗiga sabulun wanke-wanke a ruwan ɗumi, ki yi amfani da kumfar kawai. Ɗan jan manjan da ya rage, haske yana koɗar da shi a hankali.

Zoɓo, shayi da goro: ki tsane, ki bi da ruwan sanyi mai ɗigon sabulu da ɗan khal. Kada kanwa ko sabulun soda su kusanci tabon zoɓo. Kin san yadda zoɓo yake rikiɗa ya yi duhu idan aka jefa masa kanwa a tukunya, to haka zai yi a kujerarki.

Biro: ki jiƙa auduga da sifirit irin na kemis ki dinga dangwalawa, kina canza audugar. Cingam kuwa ki ɗora masa ƙanƙara a cikin leda har ya sandare, ki ɓamɓare.

Lalle: shi ne mai taurin kai, domin aikinsa ke nan ya kama fata da gashi. Ki ɗauke shi da cokali tun yana ɗanye ba tare da kin shafa ba, ki bi da ruwan sanyi nan take. Idan ya kwana, musamman baƙin lalle mai haɗin rini, ki sa a ranki mai yiwuwa ya zauna ke nan. Ranar ƙunshi a shimfiɗa tabarma a ƙasa, a bar kujera ta huta.

Abubuwan da ba a kusantar kujera da su

Na farko bilic, wato irin su Hypo da Jik. Yana cinye launi, yana raunana zare. Abin da ya fi wannan haɗari, idan ya haɗu da fitsari ko ruwan khal yana fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da maƙogwaro da huhu. A ɗakin da ke rufe, ga jariri a kwance, ba abin wasa ba ne.

Na biyu fetur da kalanzir. Akwai masu cewa suna fitar da maiƙo. Suna fitarwa, amma soson kujera yana shanye su ya riƙe, shi kansa soson kuma abu ne mai saurin kama wuta, hayaƙinsa yana kashe mutum kafin harshen wutar ya iso shi. Ba a nan kaɗai aka san haka ba. A Ingila, ranar 8 ga Mayun 1979, gobara ta tashi a sashen kujeru na kantin Woolworths da ke birnin Mancesta, mutum 10 suka rasu, kuma hayaƙin soson kujeru ne ya yi ɓarnar. Irin wannan ce ta sa a 1988 ƙasar ta kafa doka a kan irin soson da za a dinga sa wa kujeru. Mu da muke da kaskon turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa, da gawayin jin ɗumi a hunturu, mu ya fi kamata mu kiyaye.

Na uku fiya-fiya da Sniper. Idan kuɗin cizo ya shiga kujera, nan hankalin mutane yake fara zuwa. Maganin ƙwarin gona ne, ba na ɗakin kwana ba, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper barkatai a kasuwanni da kantuna. Kujerar da aka jiƙa da shi, yaro zai kwanta a kai ya shaƙa, mai rarrafe ya kama ya kai hannu baki. Abin da ke kashe kuɗin cizo har da ƙwansa shi ne zafi, daga digiri 50 zuwa sama. Mai wanki da ke da injin tururi zai bi ɗinki da lungunan kujera da shi. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin mako ɗaya zuwa kwana goma, don haka ki sake dubawa bayan mako biyu, ki kuma duba gado da katifa, domin da wuya ya tsaya a kujera kaɗai.

Sai maganar turaren wuta da humra. Ni ma ina son ƙamshi, amma turare ba ya wanke kujera. Idan aka turara soso mai zarni, wani wari na uku ake samu, wanda mai ɗakin ta saba da shi ba ta ji, baƙo kuwa tun daga ƙofa yake jin sa. A wanke tukuna, a busar, sannan a turara.

Yadda za ki gane mai wanki na gaske

Idan tabon ya tsufa, ko warin ya shiga soso, ko yadin ya yi baƙi da maiƙon shekaru, aikin ya wuce na tsumma. A yankinmu masu wannan aiki iri biyu ne: masu wankin mota da kafet da suke karɓar kujeru a gefe, da kuma masu injin wankin kushin, waɗanda galibi daga manyan garuruwa irin su Kano suke zuwa idan an kira su. Ba na cewa duk mai wankin mota bai iya ba, wasunsu suna da inji kuma suna da kula. Haka ma ba duk wanda ya sa hoton aikinsa a Facebook ko TikTok ne gwani ba. Tambaya ce take rarrabe su. Ki ba maigida ko babban ɗanki waɗannan tambayoyi kafin a yi ciniki.

Da me zai fitar da ruwan? Idan amsarsa ita ce rana za ta busar, a sallame shi. Injin wankin kushin yana fesa ruwa kaɗan ne, ya zuƙe shi nan take zuwa cikin wata tanka. A ce ya nuna injin, a kunna a gani.

Zai fara zuƙe busasshiyar ƙura kafin ya jiƙa? Zai gwada maganinsa a ɓoyayyen wuri? Wane magani zai sa, a ga robarsa da rubutun jikinta. Don tsohon fitsari akwai maganin wanki mai sinadarin enzayim, wanda yake narkar da ragowar fitsarin idan aka bar shi ya ɗan jima. Duk ruwan da aka ɗuro a gorar lemo ba suna, ba a san abin da ke ciki ba, kada a yarda.

Ya san irin yadin? Yadin roba na yau da kullum yana jure ruwa. Karan-miski kuwa ruwa da buroshi mai tauri suna kwantar masa da gashi ya yi dabbare-dabbare. Kujerar leda gogewa ake yi da tsumma mai ɗan laima, sifirit da zafin rana suna sa ta ɓarewa. Idan kujerarki 'yar waje ce ko ta gwanjo, ki ɗaga matashin ki duba, wani lokaci akwai 'yar takarda mai harafi: W na nufin ana iya sa ruwa, S na nufin ba a sa ruwa sai maganin wankin bushe, WS ko wanne, X kuwa zuƙe ƙura kawai. Kujerun kafintocinmu ba su da wannan takarda, gwaji shi ne madogara.

Awa nawa za ta yi ta bushe? Kujerar da aka zuƙe da kyau, aka sa mata fanka, cikin yini guda take bushewa. Wanda ya ce kwana uku, ya gaya miki da bakinsa cewa zai cika ta da ruwa.

Wa zai kawo janareta, wa zai sayi mai, wa zai biya 'yan garuwa? A yanke wannan tun farko. A ɗauki hoton kowace kujera kafin a fara, a nuna masa duk inda ya yage ko ya koɗe. Kada a biya kuɗi duka sai an ga aiki. Kuma ki fi yarda da wanda ya ce miki wannan tabon zai ragu amma ba zai fita duka ba, a kan mai rantsuwa cewa za ta koma sabuwa.

Tunda maza ne ke aikin, a shirya ranar da maigida yake gida, a fitar da kujerun zaure ko inuwar tsakar gida, a kan tabarma ko leda, ba a kan yashi ba. Ya fi a kai su wani wuri inda ba wanda zai ga abin da aka yi musu.

Abin da za a sa wa ido ranar aiki

A ciro duk matasan da ke ciruwa. Idan rigarsu mai zif ce, a zare a duba soson, domin a nan gaskiyar take. Bayan an zuƙe ƙura an sa magani a tabo, sai wanki, sai ɗauraya da ruwa zalla. Kada a bari ya tsallake ɗauraya. Ragowar sabulu danƙo yake yi, ya dinga kama ƙura, cikin wata guda kujerar ta fi da datti. Ga kuma ɓangaren tsarki: mun karanta a Islamiyya cewa a mazhabarmu ta Malikiyya ruwan da bai canza launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba shi ne yake kawar da hukuncin najasa, ruwan sabulu kaɗai bai wadatar ba. Ɗauraya ta biya miki buƙata biyu ke nan.

A ce ya nuna ruwan da ya taru a tankar injin. Da farko zai fito baƙi kamar na kwata, a ci gaba har sai ya fara haske. Idan ya ce ya gama, ki ɗora farin tawul a mazaunin, a danna da gwiwa. Ɗan danshi ba komai. Idan tawul ɗin ya jiƙe, a sake zuƙewa.

A busar a inuwa mai iska, a jingine matasan a tsaye, a kunna fanka idan da hali. Rana mai ƙarfi tana koɗar da launi, tana kuma sa soso ya dinga marmashewa idan ya daɗe a cikinta. Kada a mayar da matashi ko a rufe kujera da mayafi sai kin tura hannu cikin lungu kin ji babu sanyin laima.

Lokacin wankin ma abin dubawa ne. Damina, musamman Yuli da Agusta, ita ce mafi muni, domin iskar kanta a jiƙe take. Tsakiyar hunturu ana bushewa da wuri, sai dai ƙura tana sauka a kan jiƙaƙƙen yadi, don haka a busar a cikin ɗaki. Lokaci mafi kyau shi ne bayan ɗaukewar ruwa kafin ƙura ta sauko, wajen Oktoba, ko kuma Maris da Afrilu bayan ƙurar ta kwanta. In don Sallah ko biki ne, a yi da saura mako biyu ko uku. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a jajibiri masu aikin suna cikin sauri.

Inda wanki ba ya kaiwa

Akwai kujerar da kafinta take buƙata. Idan kin zare riga kin ga soson ya yi ɗigo-ɗigon baƙi ko kore, ko yana marmashewa a hannu, ko an wanke sau biyu zarnin yana dawowa, a cire wannan soson a yanka sabo. Ba dole sai an canza na saitin duka ba, sau da yawa mazauni ɗaya ko biyu ne suka lalace, inda yara suka fi kwanciya. Ki ce kafinta ya sa mai nauyi, domin soso mai araha wata kaɗan yake yi ya lotse. Idan yadin ne ya mutu amma katakon yana da ƙarfi, canjin riga ya fi sayen sabuwa sauƙi. Mai zuwa Kano zai iya zaɓo yadi, kafintan gari ya ɗinka. Kafin ki yanke shawara ki nemi farashi uku: na wanki, na canjin soso, na canjin riga. Idan kuɗin wanki ya kusa na canjin soso, kuma matsalarki wari ce, soson za ki canza.

Bayan an gyara, sai kiyayewa. Ki sa kafinta ko tela ya naɗe soson mazauni da leda mai laushi irin ta gadon jarirai kafin a mayar da riga. Ki ɗinka wa kujerun mayafi da za ki dinga cirewa kina wankewa, har da ƙananan ƙyallaye na hannu da na wurin jingina kai. Duk mako a kakkaɓe, a juya matasai. Yaron da ake koya wa fo, a ware masa tabarmarsa. Abinci kuma a ci a ƙasa, yadda muka taso muka ga ana yi.

Ita 'yar'uwarmu ta Maigatari, abin da na ce mata shi ne ta fitar da kujerun daga ɗakin da yaron yake kwana a ranar, ta zare rigunan, ta kira kafinta ya duba. An samu soson babbar kujera da na mai zaman biyu sun kama fumfuna, aka canza su. Aka cire allon hannun da ya kumbura aka sa wani. Ƙananan biyun iska kawai suka sha suka dawo daidai. Jirwayen bai fita duka ba, ta rufe shi da mayafi. Ta kashe kuɗin da ba ta yi niyya ba, amma kujerun Baba suna nan, baƙin Damagaram sun zauna a kai, tarin yaron kuma ya lafa. Na dai ce mata idan ya dawo, ko ta ji numfashinsa yana fito, ta kai shi asibiti kada ta tsaya jira.

Ke fa uwargida, wane tabo ne ya taɓa gagarar ki, kuma me kika gwada ya yi aiki? Ki rubuta mana a ƙasa, wata za ta ƙaru. 'Yan'uwa na Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar da suka taɓa kiran masu inji, ku gaya mana yadda aikin ya kasance, amma ban da sa sunan mutum ko lambar waya. Mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu, za mu duba katifa da kafet. Allah Ya albarkaci zuri'a, Ya bar mu da rufin asiri.